Tocila mai lumen dubu ɗari

Da satar awaki ta yi yawa a unguwarmu, sai aka yanke cewa kowane magidanci zai riƙa fita sintiri. Ni dai ba ƙarfi ba gudu, don haka na ce makamina haske ne. Ɓarawo ai duhu yake so.

Da na je sayen tocila, mai shagon ya ɗauko wata mai ƙaton kai ya ce, "Alhaji, wannan ko jirgin sama ka haska sai ya sauko." A jikin kwalin an rubuta lumen 100,000. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 lumen 800 yake bayarwa, ka ga ƙwai 125 ke nan zan zura a aljihu. Ban ko taya ba.

Ƙanena mai gyaran waya ya zaro batirin ya jinjina shi a tafin hannu. "Yaya, wannan batirin 18650 ne. Na gaske da wuya ya wuce mAh 3,500, kuma da nauyinsa. Naka an rubuta 9,900, ga shi sakayau." Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

Daren da layi ya zo kaina, damina ce, an ɗauke wuta. Aka haɗa ni da Baba mai gadi, da 'yar tocilarsa da aka ɗaure da roba, haskenta ja-ja. Har tausayinsa na ji. Muna shiga lungun masallaci na ji motsi, na danna maɓalli da ƙarfi. Lungu ya koma rana tsaka, ga Liman a tsakiya riƙe da buta.

"Wane marar tarbiyya ne wannan?"

"Allah ya gafarta Malam, ni ne!"

Na sake dannawa don in kashe. Ashe ba haka take mutuwa ba. Dannawa ta biyu rage haske take yi, ta uku kuwa walƙiya take saki babu ƙaƙƙautawa, ta huɗu kiran agaji ne irin na masu jirgin ruwa. Duk sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, a fuskar Liman, yana salati yana laluben bango, ni kuma ina durƙushe ina ba da haƙuri da tocilar a hannu tana ci gaba da aikinta.

Muka wuce. Na ce bari in bar ta a kunne kowa ya huta. Nan da nan duk wani ƙwaron da ke unguwar ya samu labari. Shinge a wuya, shinge a hanci, wani har cikin kunne. Baba yana gefe, ko ɗaya bai kula shi ba.

Sai kan tocilar ya fara zafi, haske ya fara ja da baya. Wannan kam ba sihiri ba ne: ƙwan LED yana mai da kaso mai yawa na wutar da yake sha zuwa zafi, in gangar jikin ba ta iya fitar da shi sai hasken ya sauka. Ma'aunin FL1 da aka fitar a Amurka a 2009 ma yana auna lumen ne daga daƙiƙa 30 bayan kunnawa, kuma yana ci gaba da ƙirga wa batiri awanni har sai haske ya koma kashi 10 cikin ɗari. Wato ko kamfani mai tsoron Allah, lambar da ya rubuta ta farkon kunnawa ce. Tawa kuwa ko sunan kamfani babu a jikinta.

Amma abin da ya fi cutar da ni shi ne siririn haskenta. Tana haska tankin ruwan da ke can ƙarshen layi tar, har ka ga tsatsa, amma ƙasan ƙafarka ko oho. Ga shi ta riga ta kashe mini ido, don ido in ya sha haske mai ƙarfi sai ya yi kusan rabin awa kafin ya sake sabawa da duhu. Ina cikin nuna wa Baba tankin, ina cewa "Ka ga aiki ko?", ƙasa ta ƙare.

Kwata ce, ta damina, cikakkiya.

Baba ya cije tocilarsa a baki, ya sunkuyo. "Alhaji, miƙo hannu. A'a, ɗayan, wancan ya taɓa abin." Tawa, wadda kwalinta ya rantse ruwa ba ya shigarta, tana can ƙasa tana ƙyafta kiran agaji ita kaɗai, har ta gaji.

A taron unguwa na gaba Liman da kansa ya kawo shawara, aka amince babu mai ja: a sauke mini nauyin sintiri, in riƙa sayen batirin Baba duk wata.