Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Wa'adin Ɗaukaka Ƙara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana nan daram a kotunan Amurka. A duk ma'aikatan shari'a kai kaɗai ne ba ka jin magiya, ba a kuma taɓa kama ka da cin hanci ba. Wannan kam a yaba maka.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, lauya ke makara, amma fursuna kake damƙewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka tuna Roger Coleman na jihar Birjiniya? Lauyoyinsa sun shigar da takarda kwana 3 bayan ka cika. A 1991 Kotun Ƙoli ta ce ai lauya wakili ne, don haka sakacinsa na wanda yake karewa ne. A 1992 Coleman ya hau kujerar lantarki.

Na Keith Bowles kuwa har yanzu na kasa haɗiye shi. Alƙali da kansa ya ba shi kwana 17, alhali doka 14 ta ce. Lauyansa, bawan Allah, ya gaskata alƙali, ya kai takarda a rana ta 16, yana ganin har ya yi sammako. A 2007 alƙalai 5 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka ce ya makara. Ashe, yallaɓai, ko mai yanke hukunci in ya yi kuskuren lissafi, na cikin kurkuku ne ya kamata ya gyara masa ƙidaya!

Ƙaninka Agogo ma ya gaje ka. A Tekzas, a 2007 ɗin dai, kwamfutar lauyoyin Michael Richard ta ba su matsala, suka roƙi 'yan mintoci, aka ce ofis ƙarfe 5 yake tashi. A daren aka zartar masa da hukuncin kisa.

Na san za ka kawo min Cory Maples na Alabama, wanda aka sassauta wa a 2012. To, shi sai da lauyoyinsa biyu suka bar aiki ba sallama, wasiƙun kotu suka koma ba a ko buɗe su ba, kwana 42 suka shuɗe bai sani ba. Sai ka ga mutum ya zama maraya sarai kafin ka tausaya masa?

Alfarma ɗaya nake nema. Akwai ƙararrakin da ke shekaru a teburin alƙalai suna jiran hukunci. In ka samu sarari, don Allah ka ɗan leƙa can ma.

Naka mai biyayya,
Wani mai yawan makara