Taubashi, a Ingila Mazari Ma Yana da Gata

Daga Southampton, Ingila
Zuwa Yerimaram, Potiskum

Taubashi,

Allah ya sa damina ta yi albarka.

Ka gyara zama, na samu sabuwar sana'a: farautar mazari. Kada ka ɗauko yaji tukuna, na san halinka da fara, wannan kallonsa kawai ake yi.

Kusa da mu akwai daji mai suna New Forest. A watan Yuni da Yuli mutane kan fita da tabarau mai jawo nesa, har da dattawa masu furfura, su durƙusa bakin rafi suna neman wani siririn mazari da masana ke kira Coenagrion mercuriale. Ba irin ƙaton nan mai baje fukafukai ba ne. Shi idan ya sauka naɗe su yake yi a bayansa, idanunsa kuma a ware, ɗaya nan ɗaya can. Tsawonsa kusan santimita 3. Namijin shuɗi ne da ratsin baƙi, kuma yana da 'yan uwa masu kama da shi sak, sai ka matso ka leƙa gaɓa ta biyu ta cikinsa. Idan ka ga baƙin tambari kamar kan bijimi da ƙahoninsa, to shi ne. Ɗan garin kasuwar shanu ai ba a koya masa ƙaho, shi ya sa nakan riga Turawan ganinsa.

Ba ya son tafki, sai rafi marar zurfi mai gudu a hankali, inda dawakai suka kiwace ciyawa rana ta samu shiga. Tsutsarsa takan yi shekara 2 cikin ruwa kafin ta yi fiffike. Da na ga sabo yana shanya fukafukai a kan kara, wallahi sai da na yi tasbihi.

Ga inda ya shafe ka: tun 1998 doka ta hana kama shi sai da lasisi. Kai da ka ƙarar da farin unguwa, da nan aka haife ka, da lauya ya cinye gadonka.

Aikinka yanzu, idan kududdufai sun cika a watan Agusta, ka je da hantsi ka ɗauko min hoton siraran namu, musamman mai ruwan lemo. Ka matso sosai, jela ta fito. Ka turo ta WhatsApp, kuɗin data na wuyana.

Ka gaida Kawu, ka ce ina neman addu'a.

Naka,
Uban gidanka na Ingila