Ko Sisi

A makon nan an zaga wata unguwa a Madawa da takardar karo-karo don gyaran famfon burtsatse. Ƙofa bayan ƙofa amsar ɗaya ce: "Wallahi ko sisi ba ni da shi." Har Alhajin da ya loda albasa mota biyu zuwa Abijan haka ya ce, yana naɗe hannun shaddarsa.

A yi masa adalci, bai yi ƙarya ba. Sisi daga Turanci ya fito, sixpence, wato kwabo shida, rabin sule. A 1551 aka fara buga shi a Ingila, zamanin Sarki Edward na shida. Najeriya ta sallame shi da zuwan naira a 1973, Ingila kanta ta daina karɓarsa a 1980. Nijar kuwa ba ta taɓa kashe shi ba, sunan kawai ya tsallako iyaka, ba ko takardar duwan. Don haka duk wanda ya rantse ba shi da sisi, daga Buza har Keita, ba kaffara a kansa. Liman ba shi da shi. Farfe ba shi da shi. Ko Sarkin Ingila aka tare aka zazzage masa aljihu, da wuya ya faɗo. Turawa sun saba saka wa amarya shi cikin takalmi don neman sa'a, sai dai ko kwamitin famfo ya koma bin gidajen biki yana leƙa takalman amare.

Ai ma a gidan bikin kuɗin yake. Wanda ya hana famfo da safe shi ne ke manna wa maroƙi jika-jika a goshi da yamma. Shi garuwa ke kawo masa ruwa har tsakar gida, 'ya'yan maƙwabta ne ke fita da jarka tun asuba, su makara lakwal. Wannan ba rashi ba ne, rowa ce tsagwaronta.

Dala ma wata fitinar ce. Baƙo daga Kano ya zauna a teburin mai shayi, aka ce masa kofi dala ashirin, ya zabura ya kusa kifar da benci, a zatonsa ta Amurka ake nufi. Sefa 100 ce kacal, tunda dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma dala 200. Da aka fahimtar da shi, sai ya gyara zama ya ce a ƙara masa madara, a soya ƙwai uku.