Zafin Laftof da Ciwon Son Babbar Lamba

Laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, na'ura ce da take shan wutar lantarki ta mayar da kusan dukkanta zafi. Rubutu da lissafi da kallon fim da ake samu a tsakani, gyara ce kawai aka yi wa mai saye. Masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suke huda mata kafofin shan iska, su kuma sako 'yar takardar ƙa'idoji a cikin kwali. Wannan takarda ita ake fara jefarwa, in ba a bai wa yara sun yi jirgi da ita ba. Wanda ya sayi ta hannu kuwa an hutar da shi, domin ko kwalin ba ya gani.

Inda zafin yake fitowa

Matattarar zafin ita ce furosesa, wani ɗan falle na silikon da bai wuce faɗin farce ba, mai ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da suke kunnuwa suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa. Saurin wannan kunnuwa da mutuwa ake aunawa da gigahaz, kuma gigahaz ɗaya yana nufin bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Kowane bugu yana cin wuta, wutar kuma zafi take komawa.

Don fitar da zafin, akan shafa wani maiƙo mai launin toka a kan furosesan, a danne shi da farantin jan ƙarfe. Daga farantin, bututu yake kwashe zafin zuwa wasu siraran ƙarafa da aka jera a bakin mafita, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu. A yawancin laftof iskar ta ƙasa take shiga, ta fita ta gefe ko ta baya. Bayanin gajere ne, amma rashin saninsa yana ciyar da iyalan masu gyara da dama.

Idan zafi ya doshi digiri 100, wanda shi ne iyakar da kamfanin Intel ya gindaya wa yawancin furosesocinsa na laftof, na'urar takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. In hakan bai isa ba sai ta ɗauke gaba ɗaya, galibi kafin a adana babi na huɗu na furojet. Injiniyoyi suna kiran wannan kariya. Mai laftof yana da nasa jerin waɗanda ake zargi: bairos, ƙanen da ya are ta jiya, cajar da aka sayo a bakin titi, sannan 'yan uba.

Akwai kuma yanayin ƙasa. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta cewa a yi aiki da laftof ɗinsa a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 35. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40, wato an karya ƙa'idar tun kafin a danna makunni. Da hunturu zafin gari yakan sauka, sai ƙura ta karɓi aiki. Fanka ta zuƙe ta, ta haɗu da zaren bargo da gashi, ta dunƙule a bakin siraran ƙarafan nan har ta toshe su ruf.

Gudu da abin da yake ci

Ƙara wa furosesa gudu yana buƙatar ƙara masa ƙarfin wuta, zafin kuma ba ya hawa daidai da gudun, tsere masa yake yi. Ɗan ƙarin sauri a can ƙololuwa yakan jawo zafi mai yawa. Manyan kamfanoni da kuɗinsu suka koyi wannan. Intel ya yi shekaru yana tseren lamba da Pentium 4, har a watan Oktoban 2004 ya soke wanda ya yi alkawarin zai kai gigahaz 4, aka tsaya a 3.8. A daidai lokacin, Pentium M, wanda injiniyoyin kamfanin na birnin Haifa suka tsara ya fito a 2003, yana gogayya da wancan da ƙaramar lamba da wuta kaɗan, kuma daga tsatsonsa dangin Core suka fito. A 2018 Apple ya cusa Core i9 a cikin siririyar MacBook Pro, masu gwaji suka nuna zafi yana sa ta ja da baya har ƙasa da gudun da aka rubuta mata, kamfanin ya ba da haƙuri ya fitar da gyaran manhaja a watan Yulin shekarar. A ƙarshen 2020 ya fito da MacBook Air mai furosesan M1, wadda ko fanka babu a cikinta.

Furosesa mai zafin nama a cikin siririn jiki tamkar hura wutar girkin biki ne a ɗakin gwauro mai taga ɗaya. Kamfanoni sun haddace wannan darasi. Mai saye bai halarci ajin ba.

Yadda ake ciniki

Sunan furosesan Intel na dangin Core i yana ɗauke da bayani uku. Na farko matsayi ne: i3, i5, i7 ko i9. Na biyu tsara ce, wadda 'yan kasuwa suke kira jenareshan, kuma farkon lambar da ke biye ne yake nuna ta. Na uku harafin ƙarshe: U ga wanda aka tsara a kan wat 15 don tattalin batir, H ga wanda aka tsara a kan wat 45 don aiki mai nauyi. Matsayi yana da ma'ana ne kawai a cikin tsara ɗaya. Core i7-7500U na 2016 ƙwayoyin aiki biyu gare shi, alhali Core i5-8250U na 2017 yana da huɗu, kuma ya fi shi aiki. Windows 11 ma a hukumance daga tsara ta takwas take karɓar yawancin furosesocin Intel, saboda haka akwai i7 da yawa a gari waɗanda ba su da katin gayyata.

A Titin Beirut na Kano ko Computer Village ta Ikeja, ciniki yakan tsaya a bayani na farko.

"Oga, Core nawa ce wannan?"

"Ranka ya daɗe, i7 ce. Irin ta manya. Ko shekaranjiya wani Darakta ya ɗauki biyu."

"Ba ta zafi dai ko?"

"Haba Alhaji! Taɓa ka ji."

Alhaji yakan taɓa ya ji sanyi ƙalau, domin a kashe take. Ba a tambayar tsara, ba a tambayar harafi. In aka nemi sanin aikin da za a yi da ita, amsar ba ta wuce "ɗan rubuce-rubuce da kallo" ba. Ainihin dalilin ba a faɗarsa a shago: abokin aiki a ofis yana da i5, kuma ba ya gajiya da sanar da mutane. Wannan ne ya ɗaga darajar 'yar sitikar da ke gefen madannai, har ake tattalinta fiye da fankar da ke ciki, duk da cewa sitika abu ce da ake ɓarewa a manna a wani wurin. Abin da na'ura take ɗauke da shi a rubuce yake a cikin saitinta, ga mai son ɓacin rai ya duba.

Rabe-raben masu laftof

Rukuni na farko ma'abota katifa ne, kuma su suka fi yawa. Laftof tana kan katifa, ko filo, ko lallausan bargo, ana kallon fim mai dogon zango tun bayan isha'i. Kafofin shan iska suna nutse a cikin soso, fanka tana kuka, mai kallo yana ƙara murya don kada kukan ya hana shi jin zance. Barci yakan kwashe shi a kashi na shida, na'urar ta ci gaba ita kaɗai har asuba.

Na biyu masu cinya ne, waɗanda suka ɗauki zafin a matsayin shaidar cewa na'ura tana aiki. Likitocin fata sun san wani tabo mai zanen raga da yake fitowa a jikin wanda ya daɗe yana kusantar zafi. Da a ƙafafun masu jin ɗumin wuta ake ganinsa, yanzu ana ganinsa a cinyar masu laftof.

Na uku masu tara shafuka. Mutum ɗaya yakan buɗe shafi arba'in a Chrome, ga WhatsApp, ga YouTube, ga takardar da aka fara rubutawa tun bara. Ba a rufe ko ɗaya, domin kowanne "za a dawo kansa". A wajen wannan rukuni kashe kwamfuta yana nufin kifa murfi a jefa ta jaka, inda takan farka ta yi ta gumi a cikin duhu har a isa gida.

Na huɗu masu sutura. Ba su ɓare ledar da ta zo da ita ba, sun ƙara mata roba a kan madannai, sun liƙe bayanta da hoton ƙungiyar ƙwallo har kan ramukan iska. Nufinsu kada ta tsufa, kuma sukan cim ma burin, tunda takan mutu da ƙuruciyarta.

Na biyar babban mutum ne. Laftof ɗinsa ta fi ta kowa tsada a ma'aikata, yaro ne yake riƙe masa jakarta, ana ajiye ta a kan tebur lokacin taro, a rufe. Wannan ne kaɗai rukunin da ya magance matsalar zafi baki ɗaya.

Na shida masu buƙatar gudun da gaske: mai tace bidiyo, ɗalibin zanen gini da yake fama da AutoCAD, mai haɗa sauti. Bisa al'ada su ne suke riƙe da tsofaffin na'urori na aro, masu batir da ba ya kai minti goma bayan an ɗauke wuta.

Magungunan da ake gwadawa

Mafi shahara shi ne a jera ledojin fiya wata masu sanyi a ɗora laftof a kai. Wasu sukan wuce nan su kwantar da ita a firji. Duka biyun suna jawo raɓa, raɓa kuma da allon lantarki ba sa ga maciji. Hura mata iska da baki da yi mata fifita ba sa cutarwa, sai dai su gajiyar da mai yi. Farantin fanka mai fitilu shuɗi da ja yana ɗan taimakawa, ko da yake akan zaɓe shi ne bisa kyan fitilun. Maganin da ya fi arha shi ne murfin kwalba huɗu a ƙarƙashin kusurwoyinta a kan tebur, don iska ta sami hanya. Yana aiki sosai, abin da ya hana shi farin jini kawai shi ne ba a saye.

Magani na haƙiƙa yana hannun mai gyara: a kwance bayan na'urar, a fitar da dunƙulen ƙura, a goge busasshen maiƙon nan a shafa sabo. Mai laftof yakan kalli abin da aka zaro daga cikinta ya rantse ba daga ɗakinsa ya fito ba.

Batir kuma shari'arsa daban. Zafi yana rage masa kwana, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga wurin da ake shafawa da yatsa. Kumburarren batir canja shi ake yi, ba a danne shi da littafi. A watan Agustan 2006 kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin kama wuta, kuma waɗancan ba a kan katifa laifinsu ya fara ba.

Zaɓi tsakanin mai gudu da mai haƙuri

Ga mai rubutu, lissafin ofis, karatu da kallo, i3 ko i5 na sabuwar tsara mai harafin U, ko takwaransa na AMD Ryzen, ya wadatar. Ba ya zafi sosai, fankarsa ba ta hana maƙwabci barci, batirinsa yana jure ɗauke wuta. Kuɗin da ya saura ya fi amfani a ƙara ram zuwa gigabait 8 ko 16, da sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, domin yawancin nawar da ake ɗora wa furosesa daga waɗannan biyu take.

Mai aiki mai nauyi shi ya cancanci harafin H, da sharaɗin ya karɓi abin da yake zuwa da shi: jiki mai kauri, fanka biyu, ƙatuwar caja da hayaniya. Wanda ya nace sai ya haɗa sirantaka da ƙarfi yakan ƙare a cikin saitin wuta na Windows, yana rage iyakar furosesa zuwa kashi 99 cikin ɗari, dabarar da a na'urori da yawa take hana zaburar da Intel yake kira Turbo Boost. Zafi yakan sauka nan take, mai ita kuma ya koma gudun da zai iya saye da rabin kuɗin.

Kowace aka zaɓa, tebur ne mazauninta, kuma tana buƙatar shara duk bayan hunturu. Kafin a biya kuɗi, ana kunna ta, a sa mata bidiyo mai nauyi na minti ashirin, a saurari fanka, a kara hannu a mafitar iska, a duba cikakken sunan furosesa a saiti. Mai shagon da ya ce sauri yake yi, ba zai iya jiran minti ashirin ba, ya riga ya ba da sakamakon gwajin.