Shukar da Ba a Miya da Ita

A ƙasar Jahun, duk abin da aka binne a ƙasa aka ba shi ruwa, akwai ranar da za a tambaye shi me ya kawo. Shinkafa ta san amsarta, alkamar rani ta san tata, riɗi kuwa ba a magana. Ko dogon yaron ƙofar gida yana biyan haya da inuwa da maganin zazzaɓi. Don haka wanda zai ɗauki bokiti da sassafe ya shayar da fulawa, abin da ba a miya da shi, ba a kuma kai shi kasuwar Gujungu, dole ya tanadi hujja. Da hujjar ake gane irin kowa.

Akwai Baba mai fansho. Ya yi aikin gwamnati a Kano tun kafin a yanki Jigawa a 1991, ya zauna a kwatas, ya dawo gida da akwatin takardu da aƙidar cewa gida ba ya cika gida sai da fulawa. Ya jera tsofaffin tayoyi ya shafe su da farin fenti, ya huda gindin gwangwanayen madara, ya haɗa ƙasa da takin shanu da hannunsa. Hujjarsa ita ce wayewa. Abokiyar gabarsa kuma akuyar maƙwabci. Ya yi shinge da ƙaya, ta tsallake. Ya rufa tsohon gidan sauro, ta ci har da gidan sauron. Da ya kai ƙara, mai unguwa ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Buhu nawa ka yi asara?" Baba ya buɗe baki ya rufe. A unguwar nan kaf, akuyar ce kaɗai ta yarda da shi cewa fulawa tana da amfani.

Hajiya ta fi shi dabara. Ita ma tana cewa fulawa take shukawa, amma leƙa bayan ɗakinta: lalle, zogale, na'ana'a, da wani ganye mai kauri da yauƙi na gyaran fata. Furen lallenta na ƙamshi da yamma, ba ta hana shi ba, sai dai idonta na kan ganyen, don akwai biki bayan Sallah. Babu wanda ya taɓa tambayarta hujja.

Sai Malam Ba-ni-ɗan-reshe. Bai taɓa sayen tsiro ba. Zai zo gaisuwa, ya yaba, ya sake yabawa, hannunsa na shafa reshen. "Kai, Baba, wannan in an karya an dasa tana kamawa?" Kafin a ba shi amsa an ji ƙas. Ya yi imani cewa reshen da aka roƙa ba ya kamawa sai wanda aka ɗauke ba da sanin mai shi ba, kuma yana riƙe da wannan ilimi da gaske. Rabin fulawar gari 'ya'yan ta Baba ne, Baba bai aurar da ko ɗaya ba.

Amarya ta huta da duk wannan. Tata ta roba ce, cikin kayan ɗaki ta zo daga Kano. Ba ruwa, ba taki, ba akuya. In hunturu ya tula mata ƙura, a wanke da sabulu a shanya.

Wanda ya fi kowa dariya shi ne manomin zoɓo. In ya ga tayoyin Baba sai ya dafa keke ya ce, "Ana ci?" Bai san cewa duk garin ba wanda ya kai shi shuka fure ba. Gonarsa ce ke yin ja wur bayan damina, kuma ƙoƙon furen nan da yake ɓarewa ya busar, shi 'yan kasuwa ke lodawa har Meziko. Faɗa masa cewa shi ma mai fulawa ne, ka ga ɓacin rai. Haka masuncin fadamar kogin Haɗeja: bado na buɗe fararen furanni a gaban kwalekwalensa kyauta, shi lissafinsa yadda kacalla ta toshe masa hanyar ruwa.

Ɗan hoto ba ya shuka komai. Ranar Sallah yake bayyana da sabuwar shadda, ya tsaya gaban katangar Baba, ya karkata hula, a ɗauka. Da yamma hoton na Facebook, an rubuta "a gida".

Yayansa, wanda shi ma hoto ya dama amma ba na fulawa ba, shi ne abin tausayi. Ya yi karatu, ya gani a intanet yadda Turawa ke yawo maƙabartu suna ɗaukar hoton duwatsun kabari masu sassaƙen suna da shekara, ya ce shi ma zai adana tarihi. Ya manta cewa mu ba haka muke binnewa ba. Kabarinmu tudun ƙasa ne, sai fasasshiyar tukunya ko ɗan icce a wajen kai. In an yi ƙoƙari, a kafa guntun kwano a rubuta suna da fenti, damina biyu ta wanke. Ya durƙusa yana neman inda haske ya fi kyau, sai ga mai gadi da sanda.

"Samari, wa ka rasa?"

"Ba kowa, Baba. Tarihi nake ɗauka."

"Tarihin wa?"

Mutumin da ya shiga maƙabarta ba gawa, ba ziyara, ba addu'a, suna ɗaya jama'a suka san masa, kuma ba masanin tarihi ba ne. Da ƙyar wani dattijo ya shaida ɗan gidan wane ne.

Daga nan ya hau mota sai Haɗeja, inda ya ji akwai kabari irin wanda yake nema: na Kyaftin Phillips, Baturen da mutanen gari ke kira Mai Tumbi, na zamanin da Turawa suka ci garin a 1906, yaƙin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu a cikinsa. Ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe, ya dawo yana nuna wa duk wanda ya tsaya. Kakarsa ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo.

"To shi wannan ɗin, me muka haɗa da shi?"

Ya ce ba komai.

"Kuma ka biya kuɗin mota?"