Zuwa ga Bazazzagi mai neman sarautar tabilet

Bazazzagi, yaron gidana, saƙonka ya iso, har da Turancin da ka cusa a ciki don in san ka taɓa bi ta ƙofar jami'ar Samaru. Wai kana so a yi wa tabilet ɗinka rutin, amma kada ko hoto ɗaya ya yi ciwon kai. Wato sakiya kake so a yi maka ba tare da ƙarfe ya taɓa fatarka ba.

Matso kusa ubangidanka ya karantar da kai. A cikin Android, ko da kuɗinka ka saya, zaman ɗan haya kake yi: akwai ɗakunan da ba a ba ka makullinsu ba. Rutin shi ne ka karɓe makullan gaba ɗaya ka zama mai gida. To amma akwai ƙofar zaure da ake kira butloda, manhajar da ke fara farkawa idan ka kunna na'ura, ta duba ko abin da zai tashi yana ɗauke da hatimin kamfani. Sai ka buɗe ta tukuna. Za ka danna lambar ginin manhaja sau 7, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai, ka kunna izinin buɗewa, ka jona da kwamfuta ka ba da umarni. A nan allo zai gargaɗe ka cewa komai zai tafi. Kuma da gaske yake yi.

Na san halinku da son gardama, za ka ce kuskuren injiniyoyi ne, har ka fara shirin rubuta takardar koke. Da gangan aka yi. Ba don haka ba, duk wanda ya fizge maka tabilet a tasha sai ya buɗe zauren ya karanta sirrinka tas, har da saƙonnin da kake gogewa kafin uwargida ta shigo da abinci.

Wanda ya ce maka ana yi da dannawa ɗaya bai yi ƙarya ba, labarin da ne kawai ya ba ka. A 2014 George Hotz ya fito da Towelroot, ga kuma KingRoot. Ta ɓarakar katanga suke shiga, ba sa bi ta zaure, shi ya sa kaya ba sa salwanta. Zamanin Android 4 da 5 ke nan, kuma tuni aka yaɓe ɓarakar. Yau Magisk ake yi, aikin John Wu, wanda Google ta ɗauka aiki a sashen tsaron Android a 2021. Mai yanka makulli ya koma maigadi. A yawancin na'urori, Magisk ba ya cin kayan mutum idan ya tarar da zaure a buɗe. Naka kuwa a garƙame yake tun daga kwali.

Ba ka ma faɗa min kamfanin ba, don Bazazzagi ba ya ba da labari cikakke kyauta. Idan Huawei ce, ka kwanta ka huta, tun 2018 suka daina ba da lambar buɗewa. Xiaomi ta sha sa mutane jiran awa 168, mako guda cur. Idan Samsung ce, akwai wani fis na Knox da ke ƙonewa sau ɗaya tak, ko ka mayar da komai yadda yake ba ya dawowa, kuma ka yi sallama da Secure Folder. Manhajojin banki da yawa kuma, da sun shanshano rutin sai su ƙi buɗewa. Wannan dai ba zai dame ka ba. Na san abin da ke asusun.

Dabara ɗaya ce, ita ma ba ta da ƙawa: ka kwashe kayanka kafin a rushe ɗaki. Hotuna da takardu su koma kwamfuta ko memori, ka cire memorin ka ajiye a aljihu. Hirarrakin WhatsApp ka tura Google Drive, akwai giga 15 na kyauta, kalmar da na san tana sanyaya maka rai. Lambobin mutane su hau Gmail, ka rubuta kalmar sirrin a takarda. Sannan ka buɗe abin da ka kwafa ka gani da idonka ya kwafu. Ka kuma sani ranar da ka yi nadama ka ce a sake kulle zauren, sharar za a maimaita.

Wai ma me za ka yi da sarautar? Idan manhajojin da suka zo da na'urar ne suka tsone maka ido, yawancinsu ana kashe su daga saiti, ba sai an fasa gida ba.

Idan ka nace, ka gama kwafe kayanka ka hau mota ka same ni a Kano, in raka ka wajen masu gyara a Farm Centre. Kuɗin mota da na mai gyara duk a wuyanka. Miyar kabewar da kuke mana gori a kanta kuwa, wannan karon kwano ɗaya za a zuba maka, ba ƙari.