Ku Bar Dariya, Mazan Jiya Ma Suna da Aƙida

Samarin Isa da Sabon Birni, ku ajiye kofin shayi mu yi magana. Da an ambaci ra'ayin mazan jiya sai ku tuntsire da dariya, wai ba aƙida ba ce, tsoho ne kawai ya ƙi tashi daga kujera. To, Bagobiri da gardama, wa zai raba?

Kun ce ɗan mazan jiya ba ya son canji. Madalla. Wa ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e? Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya zama jigon NPC. Wa ya kafa Jami'ar Zariya a 1962? Sardauna Ahmadu Bello, jinin Shehu. Aƙidarsu a fili take: a karɓi boko, a riƙe addini da sarauta, a gyara abin da aka gada ba tare da an rushe shi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Edmund Burke na Ingila ma abin da ya rubuta ke nan a 1790, ganin yadda juyin juya halin Faransa ya kifar da komai.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Malam, bulalar 'yan doka fa? Da 'yan NEPU da alƙalai suka ɗaure?" Gaskiyarka, ɗan Sawaba, an yi wannan zalunci, kuma Malam Aminu Kano bai yi ƙarya ba. Amma amsa mini: da aka karɓe kotu da 'yan doka daga hannun sarakuna a zamanin Gowon, aka kawo ƙananan hukumomi a 1976, wa aka ɗora wa aikin mai unguwa na sanin baƙon da ya kwana a gari? Ku da ke kan iyakar Nijar kun fi kowa sanin illar wannan giɓi.

Sai ku ce, "To ina 'yan aƙidar yau?" A nan kam kun kama ni a hannu. Ɗan garinku Attahiru Bafarawa ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya shiga da APP, ya nemi shugabancin ƙasa da DPP, kuma takwarorinsa kaɗan ne ba su taɓa sauya sheƙa ba. Amma ƙarancin masu riƙo bai zama hujjar babu abin riƙewa ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ku kanku. Alƙalawa ta faɗi tun 1808, har yau a taɓa Bawa Jan Gwarzo a gabanku a ga tashin hankali. Ku je ku shawo kan kanku tukuna, sannan ku dawo mu ci gaba.